Ranar da Na Tashi Dokar Birnin Masaƙa Daga Barci

"Wallahi Gwaggo, Tasalla ba ta iya ba! Ki miƙa mata allo yanzu a gabanki, in ta fitar da harafi ɗaya ki yanke min kunne."

"Kuluwa, matsa ki ba ni wuri, kin taka min igiya."

"Ni fa na iya! Wata bakwai ina zuwa wajen Malam, ba abin da ba na karantawa, har rubutun gindin tasa. Don me za a ce Tasalla ce makaranciyar ayari?"

Gwaggo Yalwa ta ja igiyar buhu da haƙori ta ɗaure, ko kallona ba ta yi ba. "Shekara huɗu tana karanta mana allon ƙofa, ba a taɓa juyo da mu ba. Ke jakuna za ki kora. In mun isa ƙofar Birnin Masaƙa kuma, ki haɗiye harshenki. Na gama magana."

Tasalla tana zaune a kan buhu tana ɓare gyaɗa, da jan ɗankwalin makaranciya a kanta. Ta ce, "Ki ƙyale ta, Inna, Malama ce. Ai jakunan ma suna son wanda zai ɗora musu karatu."

To ku matso, na zaune da na tsaye, mai sauri da mai nawa. Ni ce Kuluwa 'yar Nomau, mutuniyar Farin Tudu, ƙasar da auduga ke tsirowa har a kan katanga. Na hau abin da ba a hawa, na kunyata wanda ba a kunyatawa, na karanta abin da ba a karantawa. Ga yadda aka yi.

Mu a Farin Tudu noman auduga muka iya, saƙa kuwa sai dai ta bargon jaki. Kowace kaka sai a ɗora wa jakuna ɗari uku kaya, a ƙetare iyaka uku zuwa Birnin Masaƙa, inda ruwa ke juya masaƙu ba hannun mutum ba. Su karɓi audugarmu buhu goma, su ba mu zane ɗaya. Amma fa zane ne! In ana zafi ya yi sanyi, in ana sanyi ya yi ɗumi. Tasalla tana da biyu. Ni ko ƙyalle.

Gwaggo yayar babana ce, ita ce uwar ayari. Tasalla 'yarta ce, wato taubashiyata, don haka tana da ikon ta tsokane ni daga safe har yamma, in na yi fushi a ce ban san wasa ba. Al'adar Birnin Masaƙa kuwa ita ce, ayari ba ya shiga sai wani daga cikinsa ya tsaya a gaban allon dutsen da ke ƙofa ya karanta. Mai wannan aikin shi ke gaba, shi ke hawan alfadari, shi ake fara miƙa wa ƙwaryar fura. Wannan wurin nake so. Kuma wadda ke kansa ba ta iya bambanta rubutu da sawun kaza ba.

Kwana biyar muka yi muka iso iyaka ta farko, Kogin Sannu-Sannu. A nan ba jirgi, ba kwalekwale. Kunkurun ruwa ne ke yin fito, kowanne bayansa ya kai filin kasuwar ƙauye. A bakin ruwan an kafa wani allo, na ruga na karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Fito yana tashi da hantsi!"

Aka ce madalla. Hantsi ya yi, ya wuce. Rana ta take tsaka. Kunkurun nan ko ƙafa bai motsa ba.

Na ce, "An fa rubuta!"

Tasalla ta ce, "To je ki nuna masa."

Sai ta tattare zane ta shiga ruwa har gwiwa, ta durƙusa a gaban hancinsa. "Baba, ina wuni? Ina gajiya? Ina ruwa? Yaya wuyan nan da ya dame ka bara? Su Iya sun yi ƙwai lafiya? Ƙananan sun fara iyo?" Haka ta yi ta jero gaisuwa har na ji kamar in kwanta in mutu. Can sai kunkurun ya buɗe ido, ya matso da bayansa bakin gaɓa, aka hau.

Tafiyarsa kuwa, Allah ya kiyaye. Na ga ganye ya faɗo ruwa a bayanmu ya zo ya wuce mu. Da muka kai tsakiya na kasa daurewa, na ɗaga dunduniya na buga masa a baya sau uku, yadda nake wa jaki.

Sai na ji muna yin ƙasa. A hankali, ba fushi, ba hayaniya. Ruwa ya hau kofaton jakuna, ya nufi gindin buhuna. Auduga kuwa in ta sha ruwa ta gama yawo. Gwaggo ta dafe kai tana salati. Tasalla ta warci totuwar masara daga bakin wani jaki, ta kwanta rub da ciki, ta zura hannu tana sosa masa ƙasan wuya.

"Yi haƙuri Baba, yarinya ce. Shekaranjiya ta koyi karatu, shi ne yake mata yawo a ka."

Kunkurun ya yi dariya a cikin ruwa, kumfa ta taso kamar ana dafa talge, muka dawo sama. Da muka sauka mutane suka kewaye Tasalla, wannan ya ce Allah ya yi albarka, wannan ya cusa mata dabino. Ni kuwa aka ce in je in matse jelar jakuna.

Iyaka ta biyu ita ce Dajin Shinge. Birai ne ke riƙe da hanyar, manya, masu huluna da sanduna. Taku kaɗan sai ka ga an gitta itace, wani biri ya fito yana kaɗa wata takarda mai hatimi, ya ce, "Umarni daga sama! Me kuka riƙo mana?" Sai Tasalla ta yi murmushi, ta kira shi ranka ya daɗe, ta yago auduga cikin hannu ta ba shi, a ɗage itace. Kafin azahar mun wuce shinge goma sha tara, buhunan gaba sun fara ramewa kamar masu jinya.

A na ashirin babbansu ne da kansa, mai furfura a gemu. Ya ɗaga takardarsa sama, kuma a kife ya riƙe ta. Na karkata kai na leƙa. Kai! Ban san lokacin da dariya ta ƙwace min ba.

Ya ce, "Ke, me ya ba ki dariya a gaban hukuma?"

Na ce, "In karanta maka umarnin?" Ban jira ba. "Gaisuwa mai yawa zuwa ga surukina. Bayan haka, jakin da ka ara tun damina, don girman Allah ka dawo da shi, matata ta hana ni sakat."

Sai wani ɗan biri a kan reshe ya fashe da dariya, sai ayari gaba ɗaya ya ɗauka. Babban ya cire hula ya rufe fuska ya haye bishiya. Labari ya riga mu gaba, duk shingen da muka tarar a ɗage yake, ba kowa. Buhu nawa na tserar ranar? Allah kaɗai ya sani.

Na zo na tsaya kusa da Gwaggo ina jiran abin da za ta ce.

Ta ce, "Madalla."

Shi ke nan. Madalla! Ta juya wajen 'yarta. "Tasalla, a dawowa ta ina za mu bi? Kin san yanzu da duwatsu za su jira mu." Suka haɗa kai suna shawara, ni ina tsaye kamar turken akuya. Da aka yanka rago a zango, hanta, rabon makaranciya, Tasalla dai aka ba. Ina kallonta tana ci, tana lashe yatsu, jan ɗankwalin nan yana sheƙi a rana, na ce a raina: na tona asirin biri mai gemu, ke wace ce?

Rana ta goma sha biyu da hantsi muka hango Birnin Masaƙa, wanda ƙofarsa ce iyaka ta uku. Ganuwarsa ta yi tsawon da tsuntsu sai ya huta sau biyu kafin ya kai ƙarshenta. Daga ciki kana jin ƙarar masaƙu kamar ruwan sama a kan kwano. A gefen ƙofa ga allon dutse, tsawon rimi, rubutu tun daga sama har ƙasa. A gindinsa akwai wani baƙin tudu, awaki suna kiwo a kai. Na lura tudun yana ɗan hawa yana sauka, amma hankalina ba a can yake ba.

Sarkin Ƙofa Mijinyawa ya fito da dogaransa, wani dattijo mai tumbi. Suka gaisa da Gwaggo ƙasa-ƙasa, kamar a gidan mai jego. Ya ce, "Makaranciya ta matso." Sai shi da dogaran duk suka ɗaga kai suna kallon sama.

Tasalla ta sauka daga alfadari, ta ɗora yatsa a kan dutsen, ta fara da wata murya mai laushi kamar ta rarrashin jariri: "Maraba da baƙi, maraba da masu kaya. Ku shiga lafiya, ku fita lafiya. Ga ruwa, ga inuwa, ga tabarma..."

Na dubi allon. Na sake dubawa. Babu maraba. Babu ruwa, babu tabarma. Yatsan nata ma baya-baya yake tafiya! Shekara huɗu tana cin hanta a kan ƙarya. Na saki igiyar jaki, na kutsa gaba.

"Ƙarya ne! Ba haka aka rubuta ba!"

Gwaggo ta ce, "Kuluwa!"

Ina! Na riga na buɗe murya, har ganuwa tana amsawa: "Daga yau, audugar Farin Tudu ba za ta shiga wannan birni ba, ko da sili ɗaya!"

Na juyo ina haki, ina jiran in ga kunya a fuskar Tasalla. Abin da na gani tsoro ne. Ba ni take kallo ba, bayana take kallo.

Awakin nan suka gangaro suna kuka. Baƙin tudun ya miƙe tsaye. Wata dabba ce ta dutse, ƙafa shida, jikinta duk rubutu, bakinta ya kai faɗin ƙofar. Ta yi hamma, ƙura ta shekara da shekaru ta zubo. Ta shinshina iska, ta miƙa wuya, ta ɗauke buhu biyu daga bayan jakin gaba ta haɗiye, jakin ya zauna daɓas don mamaki. Sannan ta je ta gitta jikinta a bakin ƙofa.

Sarkin Ƙofa ya jefar da sandarsa. "Wayyo! Ta tashi Doka! 'Yar wace ce wannan?"

Gwaggo ta ce, "'Yar ƙanena ce, ranka ya daɗe." Yadda ta faɗa kamar tana amsa laifin sata.

Na ce, "Ai... ai abin da ke jiki na karanta."

"Mun ce miki ba shi ne a jiki ba? Ke kin zaci ba mu iya karatu ba? Duk mun iya! Shi ya sa muke kallon sama!" Ya share gumi da hannun riga. "Kakan kakan sarkinmu ne ya yi faɗa da naku, ya sa aka sassaƙa ta, wai don manomanmu su sayar da tasu audugar. Yau ina gonakin? Duk sun zama gidaje. Masaƙa dubu bakwai ne a ciki suke jiran kayan nan. Wanda ya kafa ta ya mutu, ba mai iya kankare ta, sai dai a lallaɓa ta ta yi barci. Rabon da a tashe ta tun ina goye, kuma shekara tara ƙofar nan ta yi a toshe. Mu muka ci zare, ku kuka ci auduga."

Na dubi Tasalla. "Kin san abin da aka rubuta?"

"Tun ina 'yar shekara goma Inna ta raɗa min."

"Shi ne ba ku gaya min ba?"

"Ke? Ke da in an ce wuta da zafi sai kin sa yatsa?"

Ba mu gama ba Doka ta sake miƙewa. Ta ji ƙamshin sauran kayan. Ta tako, ƙasa tana girgiza, jakuna suna ja da baya suna hawa kan juna. Noman shekara guda na garinmu gaba ɗaya, har da na babana, ga shi a jere kamar an zuba mata tuwo. Ban san addu'ar da zan yi ba, ban san waƙar rarrashi ba, abu ɗaya na iya a duniya. Sai na juya ga allon na kama layi na biyu.

"Kuma buhun da zai shiga wannan birni, kada tsawonsa ya wuce kamu uku..."

Takun ya tsaya. Na saci kallo. Ta juyo da kunne.

"Kuma jakin da ba shi da jela, a ɗaura masa ta kaba kafin ya shiga..."

Wallahi sai ta zauna. Ta ɗora haɓa a kan ƙafafun gaba, ta lumshe ido, tana gyaɗa kai kamar tsohon da ake wa kirari. Ashe ba abin da take so a duniya irin ta ji ana faɗar ta.

Sarkin Ƙofa ya raɗa, "Ci gaba, 'yar nan, ci gaba! Kada ki tsaya!"

Da ta taso ta bar rata a bayanta, daidai wucewar jaki ɗaya. Gwaggo ta sa aka naɗe kofato da tsumma, aka fara zura su ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa ina ta karatu. Dokar kanwa. Dokar agwagwa. Dokar zakaran da ya yi cara a kan kaya. Dokar wanda ya yi atishawa a gaban mai awo. In na tsaya haɗiye yawu sai ido ɗaya ya buɗe, ja kamar garwashi. Da na kai inda idona ba ya gani aka kawo tsani. Da na kai ƙarshe aka ce in koma farko.

Kafin ta shiga, Tasalla ta hau tsanin ta kafa min gora a baki tsakanin layi da layi. "Sha, Malama." Ba tsokana a muryarta, kuma wannan ya fi ƙona min rai. Ina kallonta ta gefen ido ta bi ratar nan ta shige, masaƙa suka tarye ta da guɗa.

Jaki ɗari kawai ke samun wucewa daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da ake rufe ƙofa. Kwana uku na yi a kan tsanin nan. Rana ta gasa min ƙeya, leɓena ya tsage. Duk wanda ya fito daga birni sai na ji yana cewa, "Ka ga yarinyar Farin Tudun nan mai jan ɗankwali? Kai, ta iya ciniki! Ta sa masaƙa sun sauko zuwa buhu takwas." Ba wanda ya ɗaga kai ya ga wadda ke saman tsani.

Ran na uku da la'asar jaki na ƙarshe ya shige, Doka ta yi minshari, ni kuma muryata ta tafi gaba ɗaya. Aka kai ni ɗakin masu gadi a jikin ganuwa, aka ba ni ruwan zafi da citta. Ina zaune ina lissafin abin da zan fara gani gobe a cikin birni, sai ga Gwaggo da Sarkin Ƙofa. Tasalla tana biye da su cikin sabon zane, na uku, shuɗi, yana fitar da sanyi har inda nake.

Ta ce, "Kuluwa, da kin gani! Akwai wata masaƙa da ke saƙa hoton duk wanda ya tsaya a gabanta. Akwai kasuwar da ke kan ruwa, rumfunan ne ke zuwa wajenka..."

Gwaggo ta ce, "Ya isa." Ta zare jan ɗankwalin daga kan 'yarta, ta ninke, ta ɗora min a cinya. "Ga shi. Kin nema, kin samu, kuma kin ci. Ke ce makaranciya."

Na shafa shi. Ya fi yadda nake zato laushi.

Sarkin Ƙofa ya gyara murya. "Sai dai kin san wadda aka tasa ba ta komawa barci mai nauyi. Tsohuwar waƙar rarrashin nan ba za ta ƙara yi mata ba, sai karatu na gaskiya, daga sama har ƙasa. Akwai ayari shida na ƙasarku a hanya. Mun yi magana da gwaggonki, za ki zauna a ɗakin nan har ƙarshen kaka. Ga gado, ga randa. Tsanin ma za a sa masa laima."

Na buɗe baki. Iska ce kawai ta fito.

Gwaggo ta ce, "Mu gobe da sassafe za mu juya. Tasalla kuma daga bana ita ce mai yi mana ciniki a ciki, tunda masaƙa sun ce ita suke so. Kowa da inda ya dace da shi. Ba ki ce komai ba?"

Na nuna maƙogwarona.

"Au, haka ne. To shirun ma ya yi miki kyau."

Tasalla ta tsuguna a gabana, ta kama hannuna, da zuciya ɗaya, abin haushin ke nan. "Kada ki damu, taubashiya. Duk shekara in na shiga zan riƙa ba ki labari. Me kike so in riƙa riƙo miki tsaraba?"

Na dube ta. Na dubi gadon, da randar, da 'yar tagar da ba ta kallon komai sai gindin tsani. Sau tara na karanta allon nan daga sama har ƙasa. Na san hukuncin agwagwa, na san na jaki, na san na mai atishawa. Ba layi ɗaya a ciki da ya yi maganar yarinyar da ta zo hannu wayam.

Na miƙe, abin da ke cinyata ya zame ƙasa, na tsallake shi. Gwaggo tana cewa, "Ina za ki? Ke Kuluwa, da ke nake!" Ba ni da muryar ba ta amsa, amma ƙyauren ɗakin na ƙarfe ne. Na ja shi da hannu biyu na maka, garam, har ƙasa ta zubo daga ganuwa.

Doka ta buɗe ido ɗaya. Na ɗaga mata tafukana biyu ta gani. Ta rufe. Dogarai suna tura ƙofar birni, saura rata kaɗan, na karkata kafaɗa na shige.